Tattasan Mai Kamiyo

A gidanmu na Albarika, cikin Parakou, ba a zubar da 'ya'yan cikin kayan miya. Duk abin da Inna ta yanka ta ga iri a ciki, tumatir ne, attarugu ne, ko gauta, sai ta kankare shi da babban yatsa a kan guntun takardar siminti, ta ɗora bisa katanga ya sha iska. Yawanci kaji ne ke cinyewa. Ba ta damuwa. Hannunta ne kawai ya saba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, ni da Yaya, ɗanta na fari, wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Babanmu ɗan kasuwar goro ne, ya rasu ina ƙaramar 'yar lekol, wato makarantar boko, daga nan gidan ya koma wuyan Yaya. A Gare, tashar manyan motoci, ya koyi tuƙi, har ya zama direban kamiyo, irin babbar motar nan da ke kai auduga Cotonou ta dawo da siminti ko shinkafa.

Ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, kuma tata ta fi ta kowa tsanani a unguwar. Idan ya shigo ya durƙusa yana gaishe ta, bango take amsa wa. Idan tana son labarinsa sai ta ce min, “Mai kamiyo bai dawo ba ne?” Amma naman da ya fi kyau a tukunya shi take tsamewa ta rufe a kwano, ta ce, “Kai wa wancan, kar ya lalace a banza.”

Wata ranar Laraba da la'asar, na zo daga gidana na Tourou don in gaishe ta, sai ga Yaya ya shigo da ƙurar hanya har a gashin ido. Ya ajiye wani ɗan faranti fari a kan tabarma, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Tattasai ne guda uku a ciki, kowanne ya kai dunƙulen hannu, ɗaya kore, ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa. A wani babban kanti ya gan su a Cotonou.

Ya dube ni, amma da ita yake. “Ƙanwata, ki ce wa Inna ga tattasan Nasara na kawo mata.”

Inna ta ɗauki mai ruwan ɗorawar ta latsa, ta shinshina. “Wannan na roba ne, ko ci ake yi?”

“Ci ake yi.”

Ta gutsuri kaɗan ta tauna, ta yamutsa fuska. “Ba yaji, ba ƙamshi. Ruwa kawai aka ɗura masa. Ki ce wa mai kamiyo an yi masa wayo.”

Yaya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Duk da haka ta yanka su cikin miyar shinkafa, ya ci kwano biyu. Ina gani ta kankare irin kowanne a takardarsa daban, kuma wannan karon ba ta ɗora a katanga ba, a taga ta ajiye, ta kifa faifai a kai.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, maza biyu daga Gare suka yi sallama a ƙofar gida. Kamiyon Yaya ya kife a hanyar kudu, wajen Savè. Musulmin wani ƙauye da ke bakin gudron, wato kwalta, su ne suka fitar da shi, suka yi masa sutura, suka binne shi a ranar, saboda yadda jikin ya kasance ba zai jira ba. Abin da aka kawo mana hularsa ce da takalmi ƙafa ɗaya.

Inna ba ta yi kuka ba. Mata suna shigowa ta'aziyya suna yaba haƙurinta, tana cewa, “Allah ne ya bayar, shi ya karɓa.” Ni na yi kukan mu biyu. Ranar sadakar uku, gida cike da mutane, na shiga ɗakinta ɗaukar tabarma na same ta tsaye a bakin taga. Ta naɗe takardun nan uku, tana ɗaure su a bakin zanenta. Da ta gan ni sai ta ce, “Me kike nema?” kamar na kama ta da sata.

Bayan arba'in Kawu ya zo daga Djougou ya tafi da ita. Yayanta ne, malamin allo, kuma limamin wani ƙaramin masallaci a unguwarsu. Ya ba ta ɗaki a ƙarshen gidan. Bayan ɗakin akwai wani ɗan lungu tsakaninsa da katanga, inda ruwan alwala ke gangarawa, ƙasar wurin kullum a jiƙe. Nan ta jera tsofaffin kwanuka uku da ta huda wa gindi, ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta yafa irin.

Duk wata nake zuwa. In rufe keken ɗinkina ranar Juma'a da safe, in shiga taksi a tasha, mu bakwai a matse, kafin la'asar ina Djougou. Kowane zuwa kuma, kafin ta tambayi mijina, sai ta ja ni bayan ɗaki.

Kwanon koren bai taɓa tsirowa ba. Matar Kawu, wadda muke kira Iya, 'yar manoma ce, ta san ƙasa. Ta ce wa Inna tun farko, “Kore ai ɗanye ne, 'ya'yansa ba su nuna ba. Ko shekara za ki yi kina ban ruwa ba zai fito ba.” Inna ta ce to. Wata biyu ta ƙara tana zuba wa kwanon ruwa safe da yamma. Jan ya tsiro, akuya ta shiga ta share shi tun yana ganye huɗu. Mai ruwan ɗorawa ne ya ba da tsiro biyar, aka dasa su a ƙasa, uku suka kama. Ta kewaye su da ƙaya da tsohon gidan sauro.

Da suka yi 'ya'ya, ba su kama ƙafar wanda Yaya ya kawo ba. Ƙanana ne kamar ƙwan zabo, a karkace, fatarsu siririya. Amma da suka nuna launin ya fito, ruwan ɗorawa sak. Inna ta hana a taɓa. Ko ɗaya bai shiga tukunya ba. Takan bar shi a jikin itacen har ya yamutse, sannan ta cire, ta kwashe irin, ta tona rami a gindin ta binne fatar.

Wata safiya bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗauki buta zan zaga, sai na ji murya a lungun. Na tsaya. Inna ce a tsugune, ta ba ni baya, tana tsince ciyawa tana magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya.

“Ka ci abinci kuwa? Kai ba ka son cin abincin hanya. Jiya ruwa ya yi yawa, na ce ko ya same ka.”

Sai ta kira sunansa. Sau biyu ta kira, a hankali, kamar tana gwada yadda yake a baki. Shekarata talatin da ɗoriya a lokacin, ban taɓa jin wannan suna daga bakinta ba. Na dubi lungun sosai, har bayan gidan sauron, don a wannan lokacin na yarda zan iya ganin mutum a tsaye. Ba kowa, sai ganye yana ɗigar raɓa. Na koma ɗaki da butata a cike, na zauna a bakin gado har rana ta fito.

Daga ranar na fara lura da wasu abubuwa. Gidan Kawu ba shi da nisa da babbar hanya. Duk sanda kamiyo ya taka birki ya yi wannan hucin, Inna takan dakata da abin da take yi, ko da cokali ne a hanyar bakinta, har sai ƙarar ta wuce.

Shekara ta biyu ta shuka irin da ta tara. Suka fito da ƙarfi, ta yi murna. Amma da 'ya'yan suka zo sai ga su dogaye, masu tsini, suna nuna suna komawa ja. Ta taɓa ɗaya da harshe, yaji ya kama ta. Iya ta duba ta ce, “Barkonona ne. Ga shi can bayan madafa. Ƙudan zuma ne suka haɗa su aure.” Da wasa ta faɗa. Inna ta miƙe ta je bayan madafa ta tuge barkonon Iya kakaf, tushe goma sha wani abu, ta jefa bayan katanga.

Wannan ne kawai faɗan da na san an yi a gidan. Iya ta yi kuka, ba don barkonon ba, don wulaƙancin. Kawu ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna da carbinsa, ya ce, “'Yar'uwa, wanda ya tafi addu'a yake buƙata. Itace ba ya ji.”

“Na sani,” in ji ta.

“To me ya kawo wannan?”

Ta ce, “Bara ya ragu. Bana ya sake kamanni. Kullum ƙara nisa yake yi, Malam, ina kallo.”

Kawu ya tashi ya tafi. Washegari Inna ta je da kanta ta ba Iya haƙuri.

Cikin tushe takwas na shekarar, ɗaya ne kawai ya ba da 'ya'ya masu ɗan launin asali. Irin wannan ɗayan ta tara, bai fi cikin cokali ba. Damina na ƙarewa jininta ya hau, gefen bakinta ya ɗan karkace, aka kawo ta asibiti a Parakou. Ranar da aka kwantar da ita, ana ƙoƙarin sa mata ruwa, ta kwance bakin zanenta ta danƙa min takardar.

“Bai gama bushewa ba,” ta ce, maganar na fita da ƙyar. “Ki shanya a inuwa. Kar ki sa a rana.”

Na ce to. Ana yayyafi a waje, sai na sa takardar a leda na ƙulle tam don kar ta jiƙe, na jefa ƙasan jaka. Sati uku na yi tsakanin Tourou da asibiti, in dafa, in kai, in yi wanki, in nemo magani. Ban tuna ba sai ranar da aka ce gobe za a sallame ta. Na zazzage jakar a tsakar gida. Tun kafin in kwance ledar na ji warin. Takardar ta yi laushi, irin ya yi baƙi ya manne wuri ɗaya, fumfuna ta rufe shi kamar auduga.

Na wanke shi, na shanya, na yafa a kwano a bayan ɗakina. Inna tana gidana tana jinya a lokacin, sai na ɓoye kwanon bayan randa. Kwana ashirin ina leƙawa. Ko ɗigon kore bai fito ba.

Ban faɗa wa kowa ba, har mijina. Wata ranar Asabar na ce zan je sayen zare, na hau zem, babur ɗin haya, zuwa cikin gari, na shiga kantuna uku kafin in samu. A cikin firigo yake, cikin irin farantin nan fari da leda mai sheƙi. Da na ɗauka, sanyinsa ya ratsa min hannu, na ji kamar wani yana tsaye a kafaɗata yana kallon abin da nake yi. Na sayi biyu masu ruwan ɗorawa, waɗanda suka nuna sosai. A shagon ɗinkina na yanka su, na kankare irin, na shanya shi sati guda a ƙarƙashin teburin yanka. Fatar kuwa na kasa ci, na ba maƙwabciya. Da ya bushe na cuɗa shi da toka, na nemi takardar siminti, na naɗe irin naɗin Inna, kusurwa uku a ciki, ta huɗu a soke.

Ranar da za ta koma Djougou ta tambaya. Na miƙa mata. Ta buɗe, ta motsa irin da ɗan yatsa.

“Sun yi ƙiba,” ta ce.

“Toka na sa musu, Inna.”

Ta ɗago ta dube ni. Tun bayan ciwon idonta na hagu ba ya buɗewa sosai, don haka ban iya karanta kallon ba. Ta naɗe takardar ta ɗaure a bakin zane, ta ce a kira mai mota.

Da shekara ta zagayo Iya ba ta shuka barkono ba, don kanta ta bari. Damina ta yi kyau. Wata rana ina kan ɗinki waya ta yi ƙara, Kawu ne, ya ce ga Inna. Ba ta saba magana a waya ba, ihu take yi a ciki.

“Ki zo ki gani! Ki bar abin da kike yi ki zo!”

Na je. Tushe shida ne, sun kai min gwiwa, kowanne ya ranƙwafa da 'ya'ya. Ba su kai na kanti girma ba, amma jikinsu sumul, masu kauri, launinsu kamar an shafa. Inna na tsaye da sandarta tana dariya da rabin bakinta. “Ya dawo,” ta ce. “Kin gani? Na ce zai dawo.”

A karon farko ta tsinka. Ta sa aka dafa shinkafa babbar tukunya, da kanta ta yanka tattasan a miya, aka kai masallaci bayan Juma'a, aka rarraba gida-gida. Matan unguwa suka shigo ganin abin mamaki, tattasai ruwan ɗorawa a Djougou. Duk wadda ta zo sai Inna ta ƙulla mata ɗan iri, ta ce, “Na mai kamiyo ne. Da hannunsa ya kawo min daga Cotonou.” Ina zaune ina jin wannan magana sau ashirin, kowane sau kamar ana taka min yatsa.

Da la'asar, mutane sun watse, muka rage mu biyu a madafa. Na tattaro ƙarfina na ce, “Inna, irin nan da kika ba ni a asibiti...”

“Miƙo min murfin tukunya.”

Na miƙa. “Inna, akwai maganar da nake so in...”

“Tun safe ban ga kin ci komai ba. Zuba ki ci, kar ya huce.” Ta ɗauki sandarta ta fita alwala.

Ban sake gwadawa ba. Har yau ban sani ba ko ta gane ne ta rufe min baki, ko kuwa murfin tukunya kawai take so.

Abin da na sani shi ne, daga ranar ta daina magana a bayan ɗaki. Iya ce ta gaya min. Takan je ta ba su ruwa ta dawo, kamar kowace mai lambu. Kamiyo ya yi huci a hanya, ta ci gaba da cin abincinta. Kowa a gidan ya ce alhamdulillahi, ta samu sauƙi. Ni kuwa idan na zo na kwana, na fita da asuba na ji lungun shiru, sai in ji kamar ni na kori wani daga gidan.

Ta rasu da bazarar da ta biyo baya, kafin ruwan fari, bayan ta idar da sallar azahar. Ba ta bar wata magana ba.

Bayan sadakar bakwai na samu Kawu shi kaɗai a zaure, na gaya masa komai, tun daga ledar har kantin. Ya saurara yana jan carbi.

“Ita ta tambaye ki?”

“A'a, Kawu.”

“To.” Na zaci zai kawo aya ko ya yi min faɗa, da na fi son faɗan. Sai kawai ya ce, “Ki yi mata addu'a, ki yi masa. Matan unguwa kuma ki bar su da abinsu.”

Shekara shida ban taka Djougou ba. Kawu ya rasu a tsakani, ina kan jego, mijina ne ya je. Bara ne na koma, bikin jikar Iya. Da safe aka aike ni kasuwa cefane, ina zagaya layin masu kayan miya sai na ga wani tattasai a faifan wata mata. Ba ja ba ne, ba kuma ruwan ɗorawa sosai ba, tsakani yake, kamar gwanda ta nuna. Gajere ne, a ɗan karkace. Na tsaya ina kallo.

Matar ta fara min yaren Dendi, da ta ga ban amsa da kyau ba ta juya Hausa. “Hajiya baƙuwa ce? Wannan na mai kamiyo ne. Ba shi da yaji sosai, amma miya tana yin kyau.”

Na ce, “Na wa?”

“Mai kamiyo. Wani direba ne, ya yi hatsari a hanyar Cotonou. An ce a aljihunsa aka samu irin, zai kawo wa uwarsa tsaraba. Uwar ta shuka, tana ba shi ruwa da hawayenta har ya fito.”

Inna da ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba a gaban mutum.

“Kin san shi ne?” na tambaya.

“Ina zan san shi? Amma kowa ya san tattasansa. Har ƙauyuka ana shukawa yanzu.” Ta sunkuya ta lalubo wani ƙullin takarda a ƙarƙashin faifan. “Ungo iri ki kai garinku. Shi ba a sayar da irinsa, kyauta ake bayarwa. Sai dai wanda ya karɓa ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Haka aka ba ni.”

Ta tsaya tana jira. Nan tsakiyar kasuwa, masu baro suna bangazata, na ɗaga hannu na karanta, ita ma tana motsa baki tare da ni. Muka shafa. Ta ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Ban gaya mata ko ni wace ce ba.

Ƙullin yana cikin aljihun keken ɗinkina, tare da allurai da alli. Da ruwan farin bana ya sauka na fito da shi, na huda gindin wani tsohon bokiti, har na cika shi da ƙasa. Sai na mayar da ƙullin inda yake. Iya ta taɓa ce min irin tattasai ba ya wuce shekara biyu ko uku, daga nan sai ya mutu a cikin takardarsa ba tare da ya sake kamanni ba. Bokitin yana nan a bakin ƙofa, ciyawa ta fito a ciki.